Haƙoran roba na Baba sun yi sako-sako kuma ya ƙi cirewa da dare, dan Allah ku ba ni shawara

Ɗan_Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a taimaka min, abin nan ya kai sati uku yana hana ni sukuni.

Mahaifina shekararsa 71, tun kafin a haife ni yake sana'ar goro a nan Agege, yanzu ƙannena ne ke kula da shagon shi kuma ya koma masallacin layinmu, shi ne ladan. Shekara shida da suka wuce aka cire masa haƙoran sama na gaba guda huɗu saboda sun daɗe suna girgiɗi, aka yi masa na roba, irin mai ɗan faranti ruwan hoda da ke kwanciya a ganɗa, da 'yan ƙugiyoyin waya guda biyu da ke kama haƙoran gefe. Da farko lafiya lau, har tsire yana ci. To tun wajen bara abin ya fara canzawa, in yana magana sai ka ji wani ƙas-ƙas, in yana kiran sallah sai kaga ya kai hannu baki yana tura shi sama, ni da na san shi ina jin yadda harafin sin da fa suke kuɓuce masa kuma wallahi abin na damunsa ko da bai faɗa ba.

Abin da ya tada min hankali shi ne ranar Juma'ar da ta wuce ya cire zai wanke sai na gani da idona. Ƙugiya ɗaya ta karye babu ita, farantin ya tsage ta gefe ashe ya aiki yaro ya siyo masa supa gulu ya liƙe da kansa. Na ce Baba buɗe baki in gani, da kyar ya yarda, na haska da fitilar waya, duk ganɗarsa ta yi jawur daidai shatin inda robar ke zama sai kace an zana, gefen bakinsa duka biyu ya tsage, ga wari wanda da ba shi da shi. Ya ce ba ya masa zafi don haka ba komai. Na tambaye shi ko yana cirewa in zai kwanta ya ce shi tunda aka saka masa bai taɓa kwana babu shi ba, wai ba zai yarda Inna da jikoki su gan shi da giɓi ba, kuma wai in ya tashi kiran assalatu a gurguje ina zai tsaya neman haƙori a duhu.

Yana shan maganin hawan jini, suga kuma an ce yana bakin gaɓa. Sauran haƙoransa na ƙasa duk sun yi ja da goro kuma in ya yi aswaki yana tofar da jini.

Tambayata, wannan jan da na gani mene ne, yana da haɗari? Robar gyaruwa za ta yi ko sai sabuwa? Kuma ina ya kamata in kai shi a Legas ɗin nan, don akwai wani a bakin kasuwa da ya ce zai yi masa sabo a kwana biyu ba sai an je asibiti an bi layi ba. Nagode, Allah ya saka.

Mai_Nama_OkoOba:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ni ba likita ba ne, mahauci ne, amma ina karanta inda ka ce ƙugiya ta karye kuma yana kwana da shi gabana ya faɗi, saboda da idona na ga abin da hakan ke jawowa. Yayana da muke aiki tare a mayanka yana da irin wannan, nasa ma ƙarami ne haƙori biyu kacal, shi ma ya yi sako-sako ya ce zai je a gyara, yau gobe yau gobe har shekara. Wata rana da daddare ya watsa ƙwayoyin magani a baki ya kora da ruwa, sai ya ji abu ya tsaya masa a wuya, ya shafa baki babu haƙori. Mu da rashin sani muka ce ya haɗiyi loma ta tuwo da ayaba ko zai wuce, wanda daga baya likitoci suka yi mana faɗa sosai a kai suka ce hakan na iya tura abin ya yaga hanyar abinci. Kafin asuba ko miyau ba ya iya haɗiyewa, yana ta dalala.

Abin da ya fi ba ni tsoro, da aka yi hoto ba a ga komai ba, suka ce ita wannan robar ba ta cika fitowa a eksire ba sai dai in akwai waya a jiki. Sai da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suka shiga da shi tiyata suka sa masa barci suka zura abin dubawa kafin suka zaƙulo shi. Ya yi kwanaki a kwance ba ya cin komai ta baki. Allah ya yi da sauran kwana. Kuɗin da muka kashe a makon nan ya ninka na sabon haƙori ban san sau nawa ba, ga tashin hankalin iyali.

Saboda haka ko ba za ka iya komai ba yau, dan girman Allah daga daren nan kada Baba ya sake kwanciya da shi, kuma in zai sha magani ya cire tukuna. Ka ba shi labarin yayana, ka ce wani ɗansa ne a Oko-Oba yake roƙonsa.

Maman_Khairat:

Salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka maka da alheri da ka tsaya ka duba bakinsa, 'ya'ya da yawa ba sa yi. Ni ma'aikaciyar sashen haƙori ce, shekarata goma sha ɗaya ina wannan aikin a Legas, kuma irin Baba muna ganinsu kusan kullum. Ba zan iya yanke hukunci ban gan shi ba amma bari in faɗa maka abin da bayaninka ya nuna.

Jan nan da ka ce ya bi shatin robar, yawanci wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna, kandida ake ce mata. Tana nan a bakin mutane da yawa ba ta komai, amma in aka rufe ganɗa da roba dare da rana, miyau ba ya wanke wajen, ga ɗumi ga danshi ga ɓurɓushin abinci, sai ta samu gida. Kuma gaskiyar Baba ne, sau da yawa ba ta zafi, shi ya sa mutum zai shekara da ita bai sani ba. Tsagewar gefen bakin ma tare suke tafiya. Mai ciwon suga ta fi kama shi, don haka tunda an ce yana bakin gaɓa a sake gwada masa. Tana warkewa, akwai maganin shafawa ko na tsotsa da likita zai rubuta, amma kada ka je kemis ka siyo da kanka don wani daga cikin magungunan ba ya jituwa da maganin tsinka jini da wasu tsofaffi ke sha. Kuma ko an ba shi magani in bai daina kwana da robar ba dawowa za ta yi, don ƙwayar a jikin robar take zaune, ta ɓangaren da ke taɓa nama.

Dalilin sako-sakon kuma, mutane suna zaton robar ce ta buɗe. Bakin ne ya canza. Ƙashin da ke riƙe saiwar haƙori, da zarar an cire haƙorin sai ya fara zaizayewa a hankali tunda ba shi da sauran aiki, ya fi sauri a watannin farko sannan ya ci gaba kaɗan-kaɗan har ƙarshen rayuwa. To robar da aka auna shekara shida baya an auna ta ne da bakin wancan lokacin. Ga kuma maganin hawan jini, wasu suna busar da baki, shi kuwa farantin sama da miyau yake kamawa kamar yadda gilashi biyu masu jiƙa ke mannewa. In robar lafiyayya ce ana iya ƙara mata shimfiɗa ta ciki ta koma daidai bakin. Amma wadda ta tsage aka zuba mata supa gulu, gaskiya ka sa a ranka sabuwa za a yi. Gam ɗin yana cinye bakin tsagar ta yadda ko mai haɗa haƙori ba zai iya daidaita ta ba, in an liƙe a karkace ko da kaurin gashi ne za ta dinga gurzar dasashi, kuma dama ba abin sawa a baki ba ne. Da ma can irin wannan robar tsakanin shekara 5 zuwa 10 ake sa ran canza ta.

Mutumin bakin kasuwa kuma, dan Allah a'a. Ba wai don kishin sana'a ba. Shi zai ɗauki awo a kan nama mai ciwo, kuma ba zai duba haƙoran da ƙugiya za ta kama ba ko suna da ƙarfin ɗauka. Yadda ake yi, a fara warkar da ganɗar, a wanke sauran haƙoran, a cike mai kogo, sannan a ɗauki awo, a gwada yadda sama da ƙasa ke haɗuwa, a gwada masa na kakin zuma ya kalli madubi ya ce ya yi ko bai yi ba, sannan a haɗa na gaske, bayan ya saka kuma ya dawo a rage inda ke ci masa nama. Zuwa huɗu ko biyar ne, ba aikin kwana biyu ba. Daga Agege LASUTH, asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas da ke Ikeja, ya fi muku kusa, akwai kuma LUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Legas, a Idi-Araba inda makarantar koyon likitancin haƙori take, in za ku can jirgin ƙasa na Red Line na ɗauka daga Agege ya sauke ku Mushin ku huta da gosulo. Ku yi sammako, ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda, da tsohuwar robar.

Kafin nan ga abin da za ku fara yau. Ya cire da dare. A wanke da buroshi mai laushi da sabulun ruwa marar ƙamshi, ba makilin ba, makilin yana da ɗan yashi-yashi da ke karce roba kuma a cikin karcen datti ke maƙalewa. A wanke a saman baho mai ruwa ko tawul don in ta suɓuce kada ta fashe a siminti. A jiƙa ta cikin ruwan sanyi mai tsabta har safe, kada a bar ta ta bushe, kuma kada a kuskura a zuba mata tafasasshen ruwa wai don kashe cuta, lanƙwashewa take yi. Bilic ma a bar shi tunda akwai waya a jiki, yana cin ƙarfe. Akwai ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa suna kumfa na wankin haƙoran roba a manyan kemis, in an samu suna taimakawa amma ba sa maye gurbin buroshi. Shi kuma bakin a goge ganɗa da harshe da dasashi a hankali da buroshi mai laushi.

Abu ɗaya da nake so ka duba da kyau, in akwai wani gyambo ko fari-fari ko ƙullutu a harshe, ƙasan harshe ko cikin kunci da ya wuce sati biyu zuwa uku bai warke ba, musamman in Baba ya taɓa shan sigari ko sa taba gari a baki, to wannan kada ku jira komai, ku faɗa wa likita tun a zuwan farko.

Sadauki_Mile12:

Allah ya ba Baba lafiya. Ni dai a gidanmu ba mu san asibitin haƙori ba, kakanmu ya kai kusan 90 da haƙoransa da aswaki kawai. A samu kanumfari da alif da ɗan gawayi a daka yana goge dasashin da shi safe da yamma jinin zai tsaya. Kuma ina ba ka shawara kada ka yarda a yi masa wankin haƙorin nan na inji, wani abokina da aka yi masa sai da haƙoransa suka fara motsi suka buɗe, ruwan sanyi ma ya gagare shi sha. Tsutsa ce ke cin haƙori, in aka yi turare ta fita shikenan.

Alhaji_Idi_Araba:

Assalamu alaikum. Jikata ce ta karanta min wannan kuma ita ke rubuta min, na ce sai na sa baki domin ni abin ya shafa. Shekarata 68, shekara tara kenan ina sa haƙoran roba sama da ƙasa gaba ɗaya, ko ɗaya nawa bai rage ba. Ɗana, duk abin da Maman Khairat ta faɗa haka yake, amma ku yara akwai abin da ba ku gane ba. Mahaifinka ba taurin kai yake ba, kunya ce. Ranar da na fara kallon madubi babu haƙori na ga kumatuna sun faɗa leɓena ya shige ciki, ban gane kaina ba, na ga fuskar mahaifina a shekararsa ta ƙarshe. Mutumin da ya riƙe gida shekara arba'in ba ya so matarsa ta gan shi haka. Ni ma shekara biyu na yi ina kwana da nawa har sai da bakina ya yi irin abin da ka kwatanta.

In ka je masa da faɗa ko ka tara ƙannenka a kansa ba zai ji ba. Ka same shi shi kaɗai bayan isha'i. Kada ka kawo zancen wari ko kaɗan, wannan zai kashe masa jiki. Ka kama ta wajen kiran sallah, ka ce Baba so nake muryarka ta fita tar yadda take da, haruffa su zauna. Nan ne zuciyarsa take.

Maganar duhu da gaggawar asuba kuma ga yadda nake yi. Na samu ɗan kwano mai murfi wanda ba a ganin cikinsa, ba kofin gilashi ba da kowa zai shigo ya gani, ina ajiye shi kusa da butata. Sai an kashe fitila nake cirewa, in na tashi kuwa kafin in fara alwala na ɗauraye na mayar, ko minti ɗaya ba ya ci. Hajiya ta sani sarai amma ba ta taɓa ɗaga maganar ba, Allah ya yi mata albarka. Ka ja Innarku gefe ka roƙe ta ita ma ta yi kamar ba ta gani ba. Da rana kuma duk alwalar da ta biyo bayan cin abinci nakan juya baya in cire in ɗauraye in kurkure baki in mayar, ya zame min jiki.

Ka kuma shirya masa zuciya cewa sabo ba zai yi daɗi a makon farko ba. Zai ji baki ya cika, miyau zai yi yawa, magana za ta ɗan canza. Ni da karatun Alƙur'ani da ƙarfi a ɗaki na saba da nawa, cikin sati biyu zuwa uku harshe ya gane hanya. Ya fara da abu mai laushi, kunu, fate, tuwo da miyar kuka, nama a yanka masa ƙanana yana taunawa ta gefe biyu lokaci guda, kada ya gatsa da na gaba. Goro kuwa ni gurza min ake yi yanzu, kuma na rage sosai don yana rina roba fiye da yadda yake rina haƙori. In wani waje yana ci masa nama kada ya ɗauki reza ko fayil ya kankare, na yi wannan kuskuren na ɓata guda, ya koma su rage masa. Shi ma ya gode wa Allah nasa na sama ne kuma yana da sauran haƙora, na ƙasa gaba ɗaya shi ne mai wahala don harshe na ture shi. Ya riƙe waɗanda suka rage masa da kyau, ni da na san haka da ban bari an yi ta cire nawa ɗaya bayan ɗaya duk sanda suka yi ciwo ba.

Maman_Khairat:

Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, wallahi abin da ka faɗa ya fi duk bayanina amfani, dabarar kwano mai murfin nan zan dinga faɗa wa marasa lafiyarmu.

Malam Sadauki ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka, don maganar wankin inji ita ce ke hana mutanenmu zuwa har sai haƙori ya gama lalacewa. Dattin da ke taruwa a gindin haƙori in ya kwana biyu ba a goge ba yana daskarewa ya zama kamar dutse, buroshi ko aswaki ba sa iya cire shi. Shi ke sa dasashi kumburi da jini, a hankali ƙashin ƙasa ya zaizaye. Abokinka ƙashinsa ya riga ya tafi, dutsen ne ya cike tsakanin haƙoran ya riƙe su kamar siminti, da aka cire sai ɓarnar da ke ɓoye ta bayyana. Injin bai kankare masa haƙori ba. Jin sanyin kuma na 'yan kwanaki ne zuwa 'yan makonni, akwai makilin na masu wannan matsalar. In aka bar dutsen, ƙarshenta haƙorin da kansa zai fita, kuma ina kyautata zaton abin da ya ci haƙoran Baba huɗu na gaba kenan.

Aswaki ba ni da ja a kansa, sunna ne kuma yana aiki in an bi kowane haƙori ciki da waje, matsalar ita ce yawanci na gaba kawai ake gogewa a bar turame. A haɗa shi da buroshi da makilin mai fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, sau biyu a rana, minti biyu, na dare shi ne mafi muhimmanci, a tofar kada a kurkure da ruwa nan take don maganin ya zauna. Buroshi mai laushi, a canza duk wata uku. Kakanka kuma Allah ya jiƙansa bai tashi da lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu na sukari da biskit ba, mu da 'ya'yanmu mun tashi da su. Babu tsutsa a haƙori, ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya rage a baki su fitar da tsami, tsamin ya huda haƙori. Kanumfari yana rage zogi na ɗan lokaci, gaskiya ne, har a asibiti ana amfani da mansa a wasu kayan aiki, amma ba ya toshe kogo. Gawayi na cinye fatar haƙori in an daɗe ana yi. Waɗanda ke ɗora asfirin a dasashi ko su ɗiga ruwan batir kuwa, na ga bakin da ya ƙone saboda haka, dan Allah a daina.

Kuma ba kowane ciwo ne sai cirewa ba. Kogo ƙarami ciko ake yi a zama ɗaya. In ya kai ga jijiya, irin wanda ke hana barci, ana iya cire jijiyar a wanke cikin saiwar a toshe, daga baya a sa wa haƙorin hula, ya ci gaba da aiki shekaru. In kuma dole sai an cire, a ciji audugar kamar rabin awa, ranar kada a kurkure baki kada a yi ta tofi kada a sha sigari, don gudan jinin da ya toshe ramin shi ne maganin, in ya fita bayan kwana biyu ko uku za a ji zogin da ya fi na farko. Washegari sai a fara ruwan ɗumi da gishiri a hankali. Cire haƙorin sama kuma ba ya taɓa ido, wannan ma ana yawan tambayata. Wanda ke da haɗari na gaske shi ne ciwon haƙori da kumburi ya sauko ƙasan haɓa ko ya hau wajen ido, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa ko haɗiya ta yi wuya, wannan ko ƙarfe biyun dare ne a tafi sashen gaggawa don yana iya toshe numfashi.

Ɗan Agege, ka faɗa wa likitan sunan maganin hawan jinin Baba, akwai irinsu amlodipine da nifedipine da kan sa dasashi ya yi kauri a wasu mutane. Kada dai ya daina sha da kansa, kuma ya sha na safe ranar da za ku je don za su auna jininsa kafin su taɓa komai.

Ɗan_Agege:

Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Alhaji na bi shawararka tiryan-tiryan, na same shi bayan isha'i shi kaɗai na fara da maganar kiran sallah, ya yi shiru can ya ce ashe kai ma ka lura. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na karanta masa labarin yayan Mai Nama, ya ce innalillahi, ya tambaya ko mutumin ya warke na ce ya warke. A daren na ba shi wani ɗan kwanon silba mai murfi na Inna, ya karɓa bai ce komai ba, da asuba na ji muryarsa a lasifika a kan lokaci.

Jiya Talata muka je, mun isa kafin bakwai da rabi, mun yanki kati mun jira har wajen sha ɗaya amma an gan mu. Likitar ta ce abin da Maman Khairat ta faɗa ne, ta rubuta maganin shafawa na sati biyu, ta duba harshe da kunci ta ce babu abin tsoro a nan. Tsohuwar robar ta ce ba ta gyaruwa, ta so ma ya ajiye ta gaba ɗaya, da ya nuna damuwa kan masallaci sai ta goge bakin tsagar ta ce ya sa lokacin sallah da in zai shiga mutane kaɗai, banda cin abinci banda barci. An yi masa hoto, turmi ɗaya na ƙasa yana da kogo za a cike, wani kuma a gefen hagu ta ce sai an wanke an ga yadda zai yi kafin a yanke shawara. An ba mu ranar wankin haƙori mako mai zuwa, an kuma tura mu gwajin suga.

Malam Sadauki, Baba da kansa ya tambaye ta maganar aswaki ta ce ya ci gaba da abinsa, ta nuna masa yadda zai kai shi turamen baya. Ni ma ta leƙa bakina a tsaye ta ce dutsen ya fara taruwa a bayan haƙorana na ƙasa, don haka na yanki nawa katin, rana ɗaya za a yi mana ni da shi. Maman Khairat tambaya ɗaya ta rage, ranar wankin zai iya karyawa kafin mu fito ko sai da wofin ciki ake zuwa?

Maman_Khairat:

Alhamdulillah, na ji daɗi sosai. Ya karya kumallonsa ya sha maganinsa, ya goge baki sannan ku fito, da yunwa ma ba a so musamman mai matsalar suga. In kuma gwajin sugan rana ɗaya aka sa muku to ka tambayi ɗakin gwajin tukuna, don wani gwajin sai ba a ci komai ba, sai ku fara yin shi ku tafi da abin karyawa a leda. Dasashin zai ɗan yi jini da tsami kwana biyu ko uku bayan wankin, kada ya daina gogewa saboda haka. A gaida Baba da Inna.